Yadda za ki tsare dukiyarki a gidan miji tun ana zaman lafiya

Innata ce a Gusau ta sa na zauna rubuta wannan. Ta saida shanunta biyu da 'yan kunnen gwal ta ba mijinta ya yi rufin kwano ya ƙara ɗakuna, ba takarda ba shaida, don a cewarta ai mijinta ne uban 'ya'yanta. Da Allah ya yi mai rasuwa aka zo rabon gado, gidan kaf ya shiga, ita da abokiyar zamanta suka raba tumuni, wato ɗaya bisa takwas, kuɗin shanu kuwa aka ce ta kawo shaida. Wallahi har yau abin na cina.

Ki fara da sanin cewa a shari'ar Musulunci, wadda alƙalanmu ke hukunci da ita a mazhabar Malikiyya, aure ba ya haɗe dukiya. Sadakinki naki ne ba na baba ba, haka gadon da kika ci da akuyoyin kiwo da kuɗin adashi da ribar ƙuli-ƙuli, kuma duk da haka ci da sha da sutura suna kan miji. In sadakin ba lakadan ba ne, waliyyinki ya sa a yanke ranar biya a gaban jama'a.

Ranar jere gwaggo ko yaya ta rubuta kayan ɗaki, a ɗauke su hoto a waya. In rigima ta tashi ba shaida alƙali al'ada yake dubawa, abin da aka san na mata ne naki da rantsuwa, na maza nashi, to firji da talabijin da sola fa? Ki aje rasit da sunanki.

Duk kuɗin da za ki miƙa mai, a faɗa da baki, rance ne, kyauta ce ko tarayya ce, sannan a rubuta. Wasu mazan za su ce raini ne, ki tuna mai aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Shaidu maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, in da hali ɗaya daga danginsa, kuma ki yi tiransifa don alat ya zauna.

Fili ko gonar fadama in da kuɗinki aka saya, sunanki zai hau takardar ciniki da sa hannun mai unguwa da shaidu, in haɗin gwiwa ne a rubuta kason kowa.

Sai kyauta, nan aka fi cutar mata. "Na ba ki gidan nan" ba ta isa ba, kyauta sai da hauzi, wato abin ya bar hannunsa ya dawo naki kafin ciwon ajali, kuma gidan da yake zaune ciki tare da ke ba a ɗaukar kin karɓa. Ku je wurin malami masanin gado ko lauya ya nuna muku hanya tun yana da ƙafarsa.

Kai ma maigida ka rubuta naka, in ita ta riga ka rabi ne kasonka, in ta bar ɗa ko ɗiya rubu'i, sauran na magadanta ne. Takardun a yi musu fotokofi, ɗaya a akwatinki, ɗaya gidanku wurin waliyyi.