Yadda za ka ziyarci hubbaren Yue Fei a Hangzhou

Masu zuwa Yiwu saro kaya, in an gama lodi kana jiran kwantena kar ka ƙare ranar a ɗakin otal kana danna waya. Ka hau jirgin ƙasa mai gudu zuwa Hangzhou, tafiyar ba ta kai awa ɗaya, amma fa ka riƙe fasfo ɗinka don sai da shi ake shiga jirgi a Sin. In ka sauka ka kira mota a manhajar Didi ka rubuta Yue Wang Miao, wato sunan hubbaren Yue Fei da Sinanci, yana titin Beishan a gefen arewa na babban tafkin garin. Ka tafi da sassafe, in rana ta ɗaga cunkoson 'yan yawon buɗe ido sai ya gajiyar da kai.

Kafin ka shiga ka san waye mutumin, in ba haka ba gumaka kawai za ka gani. Yue Fei janar ne na daular Song, an haife shi 1103, ya yi ta fatattakar rundunar Jin daga arewa har sarki ya kira shi gida, firaminista Qin Hui ya ƙulla masa sharri aka kashe shi 1142. Daga baya aka wanke shi, aka gina wurin a 1221.

Ka fara da babban zauren da mutum-mutuminsa yake zaune cikin kayan yaƙi, amma kar ka ɓata lokaci sosai a nan, ka wuce wajen kabarinsa da na ɗansa Yue Yun. Gaban kabarin ne abin kallo yake wallahi, an ƙera Qin Hui da matarsa da wasu mutum biyu da ƙarfe, a durƙushe, hannuwa ɗaure a baya, ƙarnoni mutane na tofa musu yawu har hukuma ta hana, to kai ma kar ka tofa, ɗauki hoto kawai.

Babu wanda zai tilasta maka rusunawa ko ƙona turare, ka tsaya gefe cikin natsuwa in ka ga masu yi. Kuɗin tikiti kuma ana iya biya a waya, da Alipay ko WeChat. In azahar ta yi akwai tsohon masallacin Fenghuang a titin Zhongshan, da wuraren abincin halal a kusa da shi.