Daga Waya zuwa Kwamfuta: Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Kwashe Fayil, da Gyaransu

Shekara ta bakwai ke nan ina zaune a wani shagon kwamfuta kusa da Ƙofar Kaura a Katsina, kuma da wuya rana ta faɗi wani bai shigo da waya a hannu yana cewa "a fitar mani da abin da ke ciki" ba. Ɗalibai masu furojet, 'yan kasuwa masu rasit, iyaye masu hotunan biki. Aikin minti biyar ne, amma na ga inda ya cinye wuni guda, na kuma ga inda ya ƙare da salati.

Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne a jona waya, ta nuna tana caji, kwamfuta kuwa ta yi gum. Wani dattijo, abokin mahaifina, ya taɓa kawo hotunan hawan sallah da ya ɗauka a Kangiwa. Ya jona da kansa, ya jira, ya ƙara jira, sannan ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, injin nan naku ya gaji, ku canza shi." Na ce, "Baba, buɗe mani wayar tukuna." Ya ɗora yatsa ta buɗe, na janyo fuskar daga sama, na taɓa wuri ɗaya, sai ga folda ta fito a kwamfuta. Ya ce, "Ikon Allah! Mi ka yi mata?"

Ba komai ba ne. Wayar Android, in aka jona ta da kwamfuta, caji kaɗai take karɓa har sai mai ita ya ba da izini. An yi haka ne don kada wanda ya tsinci wayarka ya kwashe abin da ke ciki. Sai ka buɗe makullin waya, ka janyo sanarwa daga sama, ka taɓa wadda ke maganar USB, ka zaɓi "File transfer". A wasu wayoyin "MTP" za ka gani, duk ɗaya ne. In ka zaɓi "PTP", hotuna kaɗai za su bayyana, takardunka ba za su fito ba. Yawancin wayoyi kuma suna komawa caji da zarar an cire kebul, saboda haka gobe ma sai ka sake zaɓa.

To in ka janyo sanarwar ba ka ga zancen USB ko kaɗan ba fa? Tuhumi kebul kafin ka tuhumi kowa. Kebul na USB na asali akwai siraran wayoyi huɗu a cikinsa: biyu na wuta, biyu na ɗaukar bayani. Da yawa daga cikin waɗanda ake haɗowa da tocila, da fanka mai caji, da ƙaramar sifika, biyun wutar kawai aka sa masu. A ido ba ka bambance su. Za su cika maka batir sarai, amma ko hoto ɗaya ba za su ƙetarar ba. Ni nawa na aiki na naɗa masa jan salatif, ba na ba da aronsa ko ga wa, don an sha tafiya mani da shi a bar mani na tocila.

Sai ƙura. Wanda ya yi hunturu a Katsina ba sai an yi masa bayani ba. Ƙura da zaren aljihu suna taruwa a bakin caji su dunƙule, kan kebul ya kasa zama daram, sai ka ji kwamfuta tana ƙara, waya ta shigo ta fita, ta shigo ta fita. Kashe wayar, ka sa tsinken sakace a hankali ka tono dattin. Kada ka sa allura ko fil, ƙarfe na iya lalata haƙoran ciki. A ɓangaren kwamfuta kuma, ramukan gaban sifiyu, wato akwatin kwamfutar tebur, su ne kowa ke cusa wa filash, su suka fi saurin sakewa. Zagaya baya, na can a jikin allon injin suke kai tsaye. In ka ga mai shuɗin ciki, USB 3.0 ne, wanda a takarda ya fi 2.0 sauri ninki goma. Sai dai wayoyi da yawa, har masu bakin Type-C, gudun 2.0 suke yi, don haka kada ka ga laifin kwamfuta in ba ka ga bambanci ba.

Waɗannan duk ɓata lokaci ne kawai. Wanda ke jawo asara shi ne "Cut", kuma ni kaina da shi na ƙone hannu.

A shekarata ta farko, wata maƙwabciyarmu ta aiko ɗanta da waya, cike da hotuna da bidiyon bikin 'yarta, tun daga kamu har kai amarya. Wayar ta cika, tana son a kwashe mata a samu wuri. Na ce in jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: na zaɓi duka, na danna "Cut", na zuba a kwamfuta. Ana tsakiyar tafiya aka ɗauke wuta. Kwamfutar tebur ba laftof ba ce, ba ta da batir, lokacin kuma ba mu da UPS, na'urar da ke riƙe mata wuta in an ɗauke. Da muka tada janareto, na tarar da wasu hotunan sun iso lafiya, wasu suna nan a waya, amma akwai wasu a tsakiya da sunansu kaɗai ya iso. Ka danna, ba komai. A wayar kuma babu su. Dalili shi ne kwamfuta takan riƙe abin da ta karɓa na ɗan lokaci kafin ta rubuta shi a faifai, shi kuwa "Cut" yana goge duk wanda ya ga kamar ya isa. Abin da aka goge daga waya ta hanyar kwamfuta kuma ba ya faɗawa kwandon shara, ya tafi ke nan. Da yamma na je gidan da kaina. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ba komai, ɗan nan, haka Allah ya so." Da ta zage ni da ya fi mani sauƙi.

Tun daga ranar "Copy" nake yi, ko mai wayar na sauri. In ya gama, sai in danna dama a kan foldar, in shiga "Properties", in duba adadin fayil da nauyinsu ya yi daidai da na waya. In buɗe hoto biyar ko shida daga wurare daban-daban. Bidiyo kuma in ja shi har ƙarshe, don wanda ya yanke a hanya yakan fara wasa lafiya ya tsaya a tsakiya. Sai bayan haka ake goge na waya, kuma mai ita nake miƙa wa ya goge da hannunsa. In hotunan sun kai dubbai, kada ka ɗebo su a tashi ɗaya, hanyar MTP takan cije. Raba su kashi-kashi, ɗari biyar ko ƙasa da haka.

Wani abin da ke sa gumi shi ne waya ta buɗe, amma a rasa inda abin yake. Hotunan kyamara suna cikin foldar DCIM, abin da aka sauke daga intanet yana cikin Download. Na WhatsApp ne suka ƙaura: daga Android 11 zuwa sama, sai ka shiga Android, ka shiga media, ka shiga com.whatsapp, sannan WhatsApp, sannan Media. Mutane da yawa suna neman tsohuwar foldar a waje, su rasa, su ɗauka an goge. Akwai kuma wanda zai rantse takardar tana cikin wayarsa don yana ganinta a hira, alhali bai taɓa sauke ta ba, alamar kibiya na nan a kanta. Haka wanda Google Photos ya kwashe masa hotuna zuwa intanet don samar da wuri: yana ganinsu a manhajar, amma kebul ba zai same su ba sai an sauko da su.

Tunda an zo kan WhatsApp, shi ne hanyar da kowa ya fi so, kuma ba laifi ga ƙaramin abu. Kuskuren shi ne tura hoto a matsayin hoto. WhatsApp yana matse shi ya rage masa nauyi. A fuskar waya ba za ka lura ba, sai an buga satifiket a takarda ka ga rubutun ƙasa ya dusashe, hatimi ya zama tabo. Taɓa alamar maƙala, ka zaɓi "Document", ka nemo hoton ta can. Haka zai iso yadda yake, kuma ta wannan hanyar ana iya tura fayil har mai nauyin 2GB.

Kuma don Allah, wanda ya buɗe WhatsApp ɗinsa a kwamfutar shago ya rufe kafin ya tashi. Na taɓa dawowa daga sallar la'asar na tarar saƙonnin wata baiwar Allah suna ta faɗowa a gaban yaran da ke jiran layi. In ka manta har ka isa gida, shiga "Linked devices" a wayarka ka fitar da kwamfutar daga can. Gmail ma a rufe shi kafin a tashi.

Masu cire memori su sa a kad-rida, ɗan abin da ke jona memori da kwamfuta, suna da nasu tarkon. Hanyar tana da sauri, amma memori da ya shiga kwamfuta ta haka daidai yake da filash, kuma bairos ɗin nan mai mayar da folda shotkot yana jiransa. Za ka ga foldojinka sun koma 'yan alamomi masu ƙaramar kibiya, hankalinka ya tashi. Kayanka suna nan, ɓoye su aka yi. Kada ka danna shotkot ɗin, dannawar ce ke tada bairos. A kwamfuta mai tsabta, a fara bincike memorin da antibairos, sannan a buɗe cmd, wato allon rubuta umarni na Windows, a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* in harafin memorin E ne, in wani ne a sa shi. Foldojin za su dawo, sai a goge shotkot ɗin.

In kuwa ka sa memori kwamfuta ta ce sai an yi fomatin, danna "Cancel" ka cire shi. Mai yiwuwa tun farko an saita shi ya zama ɓangaren ma'ajiyar cikin waya, irin wannan kuwa a kulle yake, wayar da ta kulle shi kaɗai ke karanta shi. Mayar da shi cikinta ka yi amfani da kebul. Fomatin zai share komai. Sannan akwai ƙorafin da na fi ji bayan biki: mai kyamara ya ba da bidiyo mai 6GB, memori 32GB ne kuma fanko, amma kwamfuta ta ce fayil ya yi girma. Tsarin FAT32 da irin waɗannan memorin ke zuwa da shi ba ya karɓar fayil guda da ya wuce 4GB. Ko dai a kwashe abin da ke ciki a mayar da shi exFAT, ko a ce wa mai kyamara ya raba bidiyon biyu.

Masu iPhone nasu daban ne. Sai an buɗe waya an danna "Trust", kuma hotuna da bidiyo kaɗai kebul zai nuna. Tun 2017 iPhone ke ajiye hoto a tsarin HEIC, wanda kwamfutoci da yawa ba sa buɗewa sai an ƙara masu wata manhaja. A saitin kyamara, ƙarƙashin "Formats", zaɓi "Most Compatible" don sababbin hotuna su riƙa fitowa a JPG. A bar fuskar a buɗe har a gama kwashewa.

Bulutut kuwa, a bar shi ga waƙa ɗaya ko takarda. Bidiyo mai 1GB zai iya wuce awa guda yana rarrafe. Yawancin kwamfutocin tebur da ake kawo mana na hannu ma ba su da bulutut ko Wi-Fi sai an saya masu ɗan abin da ake cusawa a ramin USB, shi ya sa manhajojin tura fayil irin su Xender da Quick Share ba sa ganinsu. Google Drive yana ba da 15GB kyauta, amma ka tuna data za ta tafi sau biyu, wajen ɗorawa da wajen saukewa.

In daga kwamfuta ne zuwa waya, zuba abin a cikin Download, nan ne za ka fi saurin samunsa. Takardar da aka gama tsarawa a Word kuma a mayar da ita PDF kafin ta bar kwamfutar. Makon jiya wata ɗaliba ta dawo da furojet ɗinta da muka tsara shafi sittin da biyu, ta buɗe shi a waya ta gyara sunan malaminta, ta adana. Ya koma shafi sittin da takwas, teburan babi na huɗu sun rabe gida biyu, lambobin shafi sun daina dacewa da jerin abin da ke ciki. Ta ce, "Yaya, wallahi harafi ɗaya na taɓa." Na ce na yarda. Na jawo mata kujera muka sake daga babi na ɗaya.