Yadda za ki gyara ɗakin haya ya yi kyau ba tare da kin ci bashi ba

Sana'ata jere. Ni ake kira idan za a kai amarya, ko idan iyali sun tashi daga wannan gidan haya zuwa wancan a nan Kano, ni ma kuma a haya nake zaune. Abin da ya fi damuna a wannan aiki shi ne ganin mace ta kwashe 'yan kuɗinta ta zuba a jikin bangon da ba nata ba. Ta sa a yi mata POP a silin, ta liƙa takardar bango mai gam, ta kafe kantar kaya da siminti. Shekara na zagayowa mai gida ya ƙara kuɗin haya ko ya ce ɗansa zai yi aure yana son wurinsa, ta fita ta bar komai. Don haka ƙa'idar da nake aiki da ita guda ɗaya ce: mafi yawan kuɗinki su tafi a kan abin da za ki iya naɗewa ko ki ɗauka ki saka a mota. Abin da zai zauna a gidan, ki kashe masa daidai abin da ba zai yi miki ciwo ba in kin bar shi.

Kafin ki sayi ko allura, ki shiga ɗakin yana wayam, da tef ɗin awo da waya. Ki ɗauki hoton kowane bango, da tsagewar da ke jikinsa, da makunnin wutar da ya fashe, da ƙofar da ba ta rufuwa. Hotunan nan su ne shaidarki ranar da za a ce ke kika lalata. Sai ki auna tsawo da faɗin ɗakin, faɗin taga, da faɗin ƙofa, ki rubuta. Na ga kujerun da aka sayo da tsada suka ƙi shiga ta ƙofar falo har sai da aka kira kafinta ya kwance su. Ki kuma duba gindin bango da kyau. Idan kin ga fenti ya kumbura yana zubar da farin gari daga ƙasa zuwa kamar gwiwa, bangon yana shan ruwa da damina. Wannan bangon ba a jingina masa sif ko gado, ba a liƙa masa komai, sai a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da kaya domin iska ta wuce.

Daga nan sai maganar mai gida. Ki je tare da maigidanki ko wani babba, ku gaisa, ki ce: "Baba, ina neman izini in yi wa ɗakin fenti, in kuma buga ƙusa kaɗan na labule da madubi. In akwai kalar da ba ka so, ka faɗa mini." Yawancin dattawan nan idan aka girmama su haka ba sa hanawa, wasu ma sukan yarda a cire kuɗin fentin daga kuɗin haya, tunda gidansu ne ke ƙaruwa. Duk abin da kuka daidaita a kai, a rubuta shi a bayan rasit ko a gaban dillalin da ya haɗa ku.

Fenti shi ne kaɗai abin da nake yarda a kashe wa bango kuɗi, domin babu abin da ke sauya ɗaki da araha kamarsa. Ki sayi fentin ruwa, ba na mai ba. Na mai ya fi tsada, warinsa yana daɗewa, kuma ƙyallinsa yana tona duk wani lotsawar filasta. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 yakan ci lita 8 zuwa 10 idan an shafa sau biyu, kenan bokiti ɗaya mai lita 20 zai iya yi miki ciki da falo, muddin mai fentin bai cika shi da ruwa ba. Ki tsaya a kansa lokacin da yake haɗawa. Game da kala, ni ruwan madara nake zaɓa ko ruwan ƙasa mai haske sosai. Fari tas yana da kyau a satin farko, amma daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu za ta nuna a jikinsa, ga hannun yara. Kala mai duhu kuwa tana ƙanƙanta ɗaki, ta ƙara masa duhu ranar da babu wuta. In ranki na son kala mai ƙarfi, ki sayi galan ɗaya mai lita 4 ki yi wa bango guda kawai, wanda ido ke fara sauka a kansa in an shigo.

Yanzu labule, kuma a nan nake so ki ba ni hankalinki, domin labule ne ke sa baƙo ya ɗauka an kashe kuɗi ko ba a kashe ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a buga ƙarfen labulen daidai kan taga, a yanka yadin daidai faɗinta, ya tsaya a rataye a miƙe ba tattara, ya kuma ƙare a tsakiyar bango. Ki ɗaga ƙarfen sama, kusa da silin, ki bar shi ya zarce taga da kamar inci 6 ta kowane gefe, labulen kuma ya sauko har ya kusa taɓa ƙasa. Nan take ɗakin zai yi tsayi, tagar ta yi girma. Faɗin yadin ya kai ninki biyu na faɗin tagar, ko aƙalla ɗaya da rabi, don ya samu tattara. Ba lallai sai yadin labule mai nauyi da ake sayarwa da tsada ba. Turmin atamfa yadi 6 ne. A raba shi biyu, kowane ɓari yadi 3, ya isa taga mai faɗin ƙafa 4 daga sama har ƙasa. Ki shiga Kantin Kwari ki nemi atamfa mai zane natsattse, kala biyu ko uku, ki sa tela ya yi mata shafi da farin yadi mai araha ta bayan, saboda ranar watan Maris da Afrilu tana kashe kala cikin ɗan lokaci. Shafin yana kuma rage zafin da ke shigowa. In kuɗin bai kai ba, a Ƙofar Wambai akwai labulen gwanjo masu kyau, wasu da shafinsu a jiki. Ki buɗe shi gaba ɗaya ki ɗaga wa rana kafin ki biya, domin nan ne za ki ga inda ya fara rubewa. Wanki da guga suke buƙata kawai. Kuma labule dogo yana bin ki duk gidan da kika koma. Gajere da aka yanka wa wata taga ba ya yi wa wata.

Ƙasa ba ta buƙatar dogon bayani. In akwai tayil, ki wanke shi ki shimfiɗa ƙaramin kafet a tsakiya. In siminti ne, ki sa leda mai kauri, kala ɗaya ko mai zanen katako, amma kada ki bari a sa mata gam. Ki cike ramukan daɓen kafin a shimfiɗa, don a kan rami leda ke fara yagewa. Kafet na bango zuwa bango ba na ba mai haya shawararsa a garin nan: yana riƙe ƙura, ba ya fita waje a kakkaɓe, kuma awon wani ɗaki ne.

Sai kujeru, inda kuɗi suka fi nutsewa. Mun saba da cewa falo bai cika ba sai da saiti guda, mai zaman uku da mai zaman biyu da ƙanana biyu. A falon haya mai ƙafa 12 da 14, wannan saitin yana cinye wurin har a rasa inda za a shimfiɗa darduma a yi salla. Ina faɗa wa iyayen amare wannan magana kullum, wasu su ji, wasu su ce me dangin miji za su ce. Na fahimce su, amma yarinyar ce za ta zauna a ɗakin shekara da shekaru, ba masu zuwa ganin ɗaki ba. Doguwar kujera ɗaya mai kyau ta isa. Ragowar wurin zama ki yi shi a ƙasa, yadda dama muka fi sakewa. Ki sa a yanka miki soso mai kauri inci 6, tela ya ɗinka masa riga mai zif da za a iya cirewa a wanke, ki jera shi a jikin bango da filalluka. Ki ƙara da tum-tum biyu na fata daga Kasuwar Kurmi, kasuwar da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, kuma har yau dukawa na kai aikinsu can. Tum-tum ba tare da cikinsa ake sayarwa ba, ke za ki cusa masa tsofaffin kaya ko ƙyallayen da tela ke zubarwa, ki danna sosai har ya tsaya da kyau.

Idan kujera ta hannu za ki saya wurin dillaliya, ki duba katakon kafin yadin. Yadi ana sauyawa, soso ana ƙarawa, amma katakon da gara ta ci ya gama. Ki juya ta, ki ƙwanƙwasa, ki ga ko gari na zubowa. Ki kuma bi ɗinkin da fitilar waya ki nemi ɗigo-ɗigon baƙi, alamar kuɗin cizo. In kin gani, ki haƙura da ita komai arhar ta, don shigo da su gida sauƙi ne, fitar da su kuwa wahala ce ta watanni. Teburin tsakiya da kantar littattafai, kafinta zai yi miki su da ragowar katako; a 'Yan Katako na Na'ibawa ana samun guntaye da araha. Ki ce ya yi kantar mai tsayuwa da ƙafarta, ba wadda ake kafewa a bango ba.

Ado na bango shi ne inda nake jin daɗin aikin, domin kayanmu na gida sun fi furannin roba da hotunan kanti kyau nesa ba kusa ba, kuma sun fi araha. Faya-fayai masu kala guda biyar ko bakwai, manya da ƙanana, a jera su kusa da juna a saman kujera da ƙananan ƙusoshi, sun isa su riƙe bango guda. Ki fara jera su a ƙasa ki ga tsarin da ya yi miki kafin ki taɓa guduma. Ƙwarya mai zane tana zama a kan kantar littattafai. Rinin baba na Ƙofar Mata, inda ake cewa tun 1498 ake rini a ramukan, yadi ɗaya da rabi ya isa: kafinta ya haɗa miki katako huɗu, ki miƙar da yadin a kai ki ɗaure ta baya, kin samu allon ado babba da ƙusa ɗaya. Sai dai ki wanke shi da ruwan sanyi ya bushe tukuna, saboda sabon rini yana zuba, zai iya ɓata miki fenti. Luru ko saƙi a yafa a hannun kujera. In kina da samira ko kwalla ta gado, ki fito da biyu ko uku mafi kyau ki ajiye inda za a gani, sauran su zauna a akwati. Ki bar aƙalla bango ɗaya babu komai a jikinsa. Madubi dogo kuma ki jingine shi yana kallon taga, zai ƙara hasken ɗakin.

Haske abu ne da mutane ba sa lura da shi. Ƙwan lantarki mai farin haske ƙal, wanda aka rubuta 6500K a kwalinsa, na kicin ne da banɗaki. A falo da uwar ɗaka ki nemi mai 2700K ko 3000K, mai haske ruwan ɗorawa kaɗan, yana sa fenti da labule su yi taushi a ido. Ki ajiye ƙwayayen da kika tarar a wani kwali don ki mayar in za ki tashi. Fitila mai caji guda ɗaya a kusurwa, a cikin ɗan kwando mai ramuka, tana yin aiki biyu: ado in akwai wuta, haske in an ɗauke.

Shuka guda biyu sun wadatar. Moda, mai dogayen ganyaye masu tauri a tsaye, tana jure zafi da ƙarancin haske, ruwa sau ɗaya a mako ya ishe ta, da sanyi ma ƙasa da haka. Ki dasa ta a tukunyar ƙasa da aka huda gindinta, ki sa faranti a ƙarƙashi, ki riƙa zubar da ruwan da ya taru saboda sauro. A kicin, kwanduna da robobi iri ɗaya masu murfi su ne adon. A ɗakin kwana, zanin gado kala ɗaya da akwatuna a ƙarƙashin gado maimakon jibga kaya a saman sif.

Ba dole a yi duka a wata ɗaya ba, balle yanzu da kaya suka yi tsada tun bayan cire tallafin mai a 2023, ga kuɗin haya na shekara da la'adar dillali da aka riga aka biya. Ga yadda nake tsara wa masu kirana: fenti da leda kafin a shigo da kaya, don su ne ke wahala in ɗaki ya cika. Labule a satin farko, saboda sutura. Kujera ta jira kwasar adashi, kafin nan a zauna a kan soso da tum-tum. Kayan bango a riƙa saye ɗaya-ɗaya duk ranar da hanya ta bi da ke Kurmi. Turaren wuta kuma ki ware masa kusurwa guda a kan tayil ko faranti na ƙarfe, nesa da labulen nan dogo da leda, kuma kada ki fita ko ki kwanta ki bar garwashi a kasko.