Babi na 6: Dokin Hanoba na Jamus da yadda ake karanta tsayinsa

Darasi na ɗaya

Kowa ya ɗora yatsa a ƙarƙashin layin da yake karantawa, a hankali, ba tsere muke ba. Dokin Hanoba ɗan arewacin Jamus ne. A shekarar 1735 Sarki Joji na biyu, wanda yake sarautar Ingila kuma shi ke mulkin Hanoba, ya kafa gidan ingarmu a garin Celle don manoma su riƙa kawo goɗiyoyinsu barbara da kuɗi kaɗan, gidan yana nan har yau. Da can dokin noma ne da jan keke da yaƙi, mai nauyin jiki, sai bayan yaƙin duniya na biyu tarakta ta ƙwace aikin gona, masu kiwo suka ga in ba su canza ba kasuwa ta mutu, suka ƙara masa jinin dokin sukuwa na Ingila har ya zama dokin wasanni. Turawa suna lissafa shi cikin dawakai masu ɗumin jini, wato bai kai dokin Larabawa zafin kai ba, bai kai ƙattin dawakan jan kaya sanyin jiki ba. Hali ake nufi fa, jininsa irin na kowane doki ne.

Darasi na biyu

To a nan ne kowa ke faɗuwa, ku natsu. Ba daga kai ake auna doki ba, daga ƙasa ake aunawa zuwa tudun kafaɗa inda wuya ya haɗu da baya. Jamusawa da santimita suke rubutawa, amma a takardun Ingila da Amurka da hannu ake rubutawa, hannu ɗaya inci 4 ne.

In kun ga 16.2, ku karanta hannu 16 da inci 2. Lambar da ke gaban ɗigo hannu ce, ta bayan ɗigo inci ce. Ku faɗa da ƙarfi, hannu 16 da inci 2. Madalla, ku sake. Yanzu 16.1, hannu 16 da inci 1. Sai 16.3, hannu 16 da inci 3. To me ke bin 16.3? Wanda ya ce 16.4 ya tsaya ya yi tunani, ai inci 4 sun riga sun cika hannu guda, don haka 17 ne. Babu 16.4, babu 16.5, ba a taɓa rubuta su.

Ba komai in ya rikice muku yau, manya da yawa sun sha wannan wahala kuma sun wuce. Amma don Allah 'yan uwa, wasunku da sun ga ɗigo sai hankalinsu ya tafi lissafin naira da kwabo, haba malamai, sau nawa za a faɗa? Bayan ɗigo inci ne. Ku rubuta a littafinku sau biyar, kuma kar wanda ya leƙa na maƙwabcinsa, leƙe ba ya koya wa mutum komai.

Gwaji: 16 sau 4 ya ba da 64, a ƙara 2, inci 66 ke nan, kusan santimita 168. Yawancin dawakan Hanoba suna tsakanin 15.3 da 17.2. Ku karanta waɗannan biyun ma da baki.

Darasi na uku

Dokin Hanoba yana da dogon wuya da faffaɗan ƙirji da ƙarfin cinya, ana samun ja da akawal da kili. Tambarinsa harafin H ne mai kawunan doki biyu, a da ana buga masa shi a cinyar hagu. A garin Verden ake gwanjonsu.

Darasi na huɗu

Aikinsa tsallake shinge da wasan takun ƙasaita, wato nuna horon doki a yadda yake taku. Wani dokin Hanoba mai suna Salinero ya ci zinare a gasar Olamfik ta 2004 da ta 2008. Aikin gida, ku mayar da 17.1 zuwa inci, ku kawo ranar Litinin.