Kurakuran da aka fi yi da ulun tumakin Shetland

Tumakinmu na gida, Uda da Balami da 'Yankasa, gashi gare su, ba ulu ba. Shi ya sa wadda ta tashi da mazari da auduga, ranar da ulun Shetland ya fara shiga hannunta sai ta riƙe shi riƙon auduga. Daga nan ɓarna take somawa. Abin da ciwo, domin tumakin Shetland ƙanana ne, tsohon iri na tsibiran da ke arewa da Skotlan, wanda makiyayan can suka kafa wa ƙungiyar tsare asali tun 1927, kuma da wuya tunkiya ta ba da fiye da kilo 2 a shekara.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne a zuba ulun tunkiya duka a kwando ɗaya a cakuɗa. Jikin tunkiya ɗaya ulu iri-iri ne. Na wuya da kafaɗa ya fi laushi, irinsa matan Unst, ɗaya daga cikin tsibiran Shetland, suke kaɗawa su saƙa mayafin da ake zurawa ta cikin zobe ya wuce. Na haƙarƙari da gadon baya matsakaici ne, ya dace da rigar sanyi. Na cinya kuwa kaushi gare shi, sai safa ko shimfiɗa. In kika haɗa su, kaushin ne zai rinjaya, zaren ya riƙa sukar fata. Ki baza ulun a tabarma yadda ya fito daga jikin tunkiyar, ki zubar da gefen da ya sha kashi da ƙaiƙayi, sauran ki kasa shi uku. Wasu tumakin ma riga biyu gare su, dogon gashi a sama, lallausan ulu a ƙasa. Ki ɗauki tsagi, wato ɗan tukun ulu, ki kama bakinsa ki ja, za su rabu.

Akwai wani abin da ba a cika dubawa ba. Da yawa cikin tumakin Shetland suna zubar da ulu da kansu idan sanyi ya wuce, har mutanen dā da hannu suke tuge shi. Inda tsohon ulu ya haɗu da sabo, silin yana da rauni. Ki ɗauki tsagi ɗaya ki fizga. In ya tsinke kusa da gindi, ki cire guntun tun kafin shiɓa, in ba haka ba zaren zai cika da ƙulli-ƙulli.

Wajen wanki, hannun da ya saba da cuɗa tufafi shi ne abokin gaba. Silin ulu yana da ɓawo ƙanana, zafi da sabulu da gurza ne ke sa su sarƙe, kuma in sun sarƙe babu warwarewa. Ruwa mai zafin digiri 60, sabulun wanke-wanke, a jiƙa kamar minti 20, a tsame a hankali kafin ruwan ya huce, don kada maiƙon jikin tunkiya da ya fita ya sake kama ulun. Ɗauraya ma da ruwa mai zafi iri ɗaya.

Sai kaɗi. Auduga gajeren sili gare ta, sai da murɗi mai yawa take kamawa. Ulun Shetland ya fi ta tsawo, ga lanƙwasa da ke riƙe iska, iskar nan kuwa ita ce ɗumin. Ki murɗe shi murɗin auduga, igiya za ki samu. Ki sassauta hannu, ki haɗa zare biyu, ki jiƙa shi ya bushe kafin ki yanke masa hukunci.

Mai son cure ulu ya zama ƙyalle irin na hular dara, ita sarƙewar take nema, amma gaggawa ke ɓata mata aiki. Shimfiɗa siririya sau uku, kowace tana gicciye ta ƙasa, ta fi mai kauri ɗaya. A fara da dannawa a hankali, gurza sai ulun ya kama. Yana tsukewa sosai, don haka a gwada da ɗan yanki a auna tukuna.

Rini kuwa, ni ban so a yi saurinsa. Launuka 11 aka sani a irin nan, daga fari zuwa toka-toka, ja-ja mai ruwan ƙasa da suke kira moorit, har baƙi. Ki wanke ki shanya a inuwa, ki ga launin da tunkiyar ta zo da shi tukuna.