Kafin magatakarda ya rubuta sunanka a Garwa

Ɗan'uwa, idan ka sauka Garwa ko Marwa, a ƙasar Kamaru, daga Najeriya, akwai wata kalma da za ka riƙa ji a ofisoshi, wato transcription. Turawan Ingila da na Faransa duk suna da ita, rubutu ɗaya, amma aikin da take yi a nan daban ne.

Ɗalibanmu ne suka fi faɗawa tarkon. A gida sun saba kiran takardar makin jami'a da "transcript", sai su zo suna neman transcription. Ma'aikaci ya yi ta kallonsu. Sunan wannan takarda a nan relevé de notes. Haka kuma ba fassara ba ce: mayar da takarda daga Ingilishi zuwa Faransanci traduction ake ce masa.

A ofishin magajin gari, transcription na nufin kwafe abin da aka tabbatar a wani wuri zuwa cikin babban littafin rajista. Misali, yaron da ba a yi wa takardar haihuwa a kan lokaci ba, sai an je kotu alƙali ya yanke hukuncin da ake kira jugement supplétif. Mutane da dama nan suke tsayawa, su naɗe takardar su jefa a akwati. Da sauran rina a kaba. Sai an kai hukuncin an shigar da shi rajista kafin a fitar da takardar haihuwa ta gaske.

Amma ma'anar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya ita ce ta rubuta abin da kunne ya ji. Magatakarda zai rubuta sunanka da ƙa'idar Faransanci. Usman ya koma Ousmanou, Musa ya zama Moussa, Shehu ya zama Chéhou, Jibrin kuwa Djibrine. Ko sunan garin ma ai haka aka yi masa, Garwa ta koma Garoua. Idan ka tsallaka Injamena, Muhammadu sai ka ji Mahamat.

Shekarar da na zo, aka tambaye ni sunana ta taga, na faɗa da baki. Fasfona yana cewa Abubakar, takardar ta fito da Aboubakary. Wata uku ina safa da marwa saboda harafi biyu, ranar da zan karɓi kuɗin da aka aiko mini daga Kano aka ce ba ni ba ne.

Tun daga ranar ba na faɗin suna da baki. Ina miƙa fasfo in ce, "Ranka ya daɗe, yadda yake a nan." Kai ma ka duba kowane harafi kafin a buga hatimi, har da sunan mahaifiya, don takardun nan suna tambayarsa. Ka duba ranar haihuwa ma, musamman lamba 1 da 7, domin a nan lamba ɗaya tana da doguwar ƙugiya, bakwai kuma ana ratsa mata layi a tsakiya.