Yadda zaka bi diddigin addinin Newton da kanka kafin ka tura wa wani

Duk wanda ya zauna aji a sakandare ya san Isaac Newton, dokokin motsi guda uku da girabiti da labarin tuffar nan. Amma yanzu wata magana ce daban ke yawo a kanshi a Facebook da TikTok da guruf-guruf na WhatsApp, wani yace ai musulmi ne ya ɓoye, wani yace boka ne, wani ya turo maka hoto an rubuta wai ya ce 2060 za'a tashi duniya. Ni fizis nake koyarwa nan cikin Katsina, yara na tambayata a aji, manya ma na tambaya a majalisa bayan isha'i, kuma gaskiya abun na damuna don mutumin nan takardunshi na nan an sa su a intanet kyauta amma mun fi son abinda wani ya yanko mana. To ga yadda zaka bi abun da kanka.

Ka fara da zamanin da ya rayu, in ba haka ba komai zai zo maka a karkace. An haifeshi ranar 25 ga Disamba 1642 a tsohuwar kalandar Ingila, a wani ƙauye Woolsthorpe, ya shiga kwalejin Trinity ta jami'ar Cambridge a 1661, ya zama farfesan lissafi a 1669, ya rasu 1727. A Ingilar lokacin aƙidar Triniti, wato Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki Allah ɗaya ne, ba abun wasa bace, doka ce. Dokar sassauci ta 1689 ta ɗaga wa wasu ɗarikun kirista ƙafa amma banda masu musun Triniti. A 1697 an rataye wani ɗalibi ɗan shekara 20 mai suna Thomas Aikenhead a Edinburgh ta ƙasar Scotland bisa laifin saɓo, sannan William Whiston, wanda ya gaji kujerar farfesan lissafi ta Newton ɗin kanta, korarshi akayi daga Cambridge a 1710 saboda ya fito fili ya faɗi irin abinda Newton ke ɓoyewa. In ka riƙe wannan zaka gane dalilin da yasa mutumin ya rubuta abu mai yawa ya kulle a akwati.

Sai ka san inda takardun suke da yadda akayi suka fito. Bayan mutuwarshi sun daɗe a hannun dangi, sai a 1936 aka yi gwanjonsu a Sotheby's a Landan. Masanin tattalin arziki John Maynard Keynes ya sayi da yawa cikin na alkimiyya, wato tsohon ilimin neman juya ƙarfe zinari, suna kwalejin King's a Cambridge yanzu, shi kuma wani masani Abraham Yahuda ya tara na addini, suna babban ɗakin karatu na Isra'ila a Ƙudus. Ba sai ka je ko'ina ba. Ka buɗe wayarka ka rubuta Newton Project, shafi ne da jami'ar Oxford ke riƙe dashi, sun kwafe rubutun nashi sun zuba, na alkimiyya kuma ka nemi Chymistry of Isaac Newton na jami'ar Indiana a Amurka. Shawarata ka zaɓi wanda aka daidaita rubutun, don akwai wanda aka bari da goge-gogenshi da gajarce-gajarcenshi na Turancin da, wannan zai wahalshe ka a farko. Rubutun baya cin data sosai, hotunan takardun na asali ne ke cinyewa, su ka bari sai ka samu wifi.

Daga nan duk maganar da aka jingina mashi ka tambayi abu uku, a wace takarda take, wace shekara, kuma shi ya buga ta da ranshi ko ɓoyewa yayi. Kamar dai yadda malamanmu ke bin isnadi kafin su ce wane ya faɗa. Wanda bai iya gaya maka takardar ba, ka ajiye maganarshi gefe ko da ta yi maka daɗi, musamman ma in ta yi maka daɗi.

Abinda ya buga da ranshi bashi da ruɗani. Babban littafinshi Principia ya fito 1687, a bugu na biyu na 1713 ya ƙara wani ɗan babi a ƙarshe inda yace tsarin rana da duniyoyi da taurari masu wutsiya ba zai yiwu ba sai da shawara da mulkin wani Mai hikima Mai iko, kuma yace Allah na mulkin komai ne a matsayin Ubangiji. A wasiƙun da ya rubuta wa wani malamin coci Richard Bentley a 1692 ya gaya mashi cewa tun lokacin da yake rubuta littafin yana da burin ya taimaki masu tunani su yarda da Mahalicci. Saboda haka duk yaron da yazo maka da cewa ai manyan masana kimiyya basu yarda da Allah ba, nan zaka fara kai shi.

Wanda ya ɓoye shine mai nauyi, kuma nan nake so ka zauna ka natsu. Tun wajen farkon shekarun 1670 Newton ya duƙufa karatun Baibul da tarihin coci na farko, ya kai ga cewa Triniti ba ta cikin asalin addinin, ƙari ne da ya shigo a ƙarni na 4, kuma ya ɗora laifi mai yawa kan Athanasius, babban limamin coci na Iskandariya, wanda ya tsaya kan aƙidar da aka tsayar a taron Nikiya na shekarar 325. Abun ya kusa cin aikinshi, don dokar kwalejinshi tace dole malami ya karɓi naɗin limancin coci, shi kuma zuciyarshi bata yarda ya rantse kan abinda bai gaskata ba, sai a 1675 aka samu izini daga Sarki Charles na biyu aka ɗauke wa mai kujerar tashi wannan sharaɗi. A 1690 ya aika wa abokinshi John Locke doguwar wasiƙa kan ayoyi biyu, 1 Yohanna 5:7 da 1 Timoti 3:16, ya bi tsofaffin kwafe-kwafe na Girkanci da Latin yana nuna an taɓa su daga baya, yaso a buga ba sunanshi sai kuma ya janye, ba'a buga ba sai 1754. In zaka karanta abu ɗaya tak cikin rubutunshi na addini to wannan ka karanta, don zaka ga irin ƙwaƙwalwar nan ta lissafi tana bin hujja ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa.

To amma ɗan'uwa nan ne mutanenmu ke zarcewa. Musun Triniti bai maida shi musulmi ba, kuma faɗin haka ƙarya ce ake mashi. Ya yarda Annabi Isa (AS) Ɗan Allah ne amma ƙasa da Uba, ya yarda an gicciye shi ya mutu ya tashi, ya yarda ta hanyarshi ake roƙo. Kirista ne mai bin Baibul wanda ya saɓa wa cocin ƙasarshi a babbar mas'ala, a Westminster Abbey ma aka binne shi duk da an ruwaito ya ƙi karɓar jibin ƙarshe na coci lokacin da yake jinyar ajali. Ni ina ganin in muka faɗi haka daidai mun fi mutunci, kuma maƙwabtanmu kirista da muke kasuwa ɗaya da ofis ɗaya bazasu ce muna satar musu mutum ba. Addininmu baya buƙatar a ƙago mashi shaida.

Maganar 2060 kuwa ka ɗauki biro ka yi lissafin da kanka, minti biyu ne. A littafin Daniyel da Wahayin Yahaya na cikin Baibul akwai wa'adi na shekara uku da rabi, wato kwana 1260 in an ɗauki shekara kwana 360, masu fassarar zamaninshi na ɗaukar kowane kwana shekara guda. Shi sai ya fara ƙirga daga shekarar 800, lokacin da Fafaroma ya naɗa Charlemagne sarauta, 800 a tara da 1260 ya baka 2060, shikenan. A takardar da yayi lissafin yace abun na iya wuce haka amma baya ganin zai zo kafin nan, kuma ya faɗi dalilinshi ƙarara, so yake ya toshe bakin masu yawan yanke ranar ƙarshen duniya suna jawo wa littafi mai tsarki raini duk sanda hasashensu ya faɗi. Kuma abinda yake tsammani ƙarshen zamanin ɓata ne da shigowar wani sabo, ba tarwatsewar duniya ba. Takardar bata shahara ba sai 2003 da kafafen labarai suka ɗauka. Mu dai mun san sanin Sa'a na Allah ne Shi kaɗai, to sai ka gaya wa mai tsoro haka, sannan ka nuna mashi lissafin ya gani da idonshi daga ina lambar ta fito. Ya kuma yi rubutu mai tsawo kan ma'aunin haikalin Annabi Sulaiman da tarihin daulolin da, an buga na tarihin a 1728, wani kuma kan annabce-annabcen Daniyel da Wahayin Yahaya a 1733, waɗannan in kana da lokaci.

Saura alkimiyya, inda ake ce mashi boka. Gaskiya ne ya shafe shekaru kusan talatin yana wannan aiki, yana da ɗan ɗaki da tanderu a kwalejin Trinity, yana narka dalma da zaiba da wasu ƙarafa, ya bar rubutu kusan kalma miliyan guda a kai, yana neman sirrin da ake cewa yana juya ƙarfe zinari. Har ya fassara wani gajeren nassi da ake kira Allon Zumurrudu zuwa Turanci, wanda mafi tsufan kwafinshi da aka sani da Larabci yake. Keynes da ya karanta takardun ne yace mashi na ƙarshen masu sihiri, maganar ta bi shi har yau. Amma kafin ka yanke hukunci ka buɗe littafin gwaje-gwajenshi ka gani, awo ne da rubuta nauyi da sake gwadawa, ba kiran aljanu ba, kuma Robert Boyle da muke koya wa yara dokarshi ta iska shi ma yayi wannan neman. Lokacin ba'a gama raba kemistiri da alkimiyya ba. Abinda yake so ya gano shine wane ƙarfi Allah ya sa cikin abu mara rai har yake canzawa yana haɗuwa yana rabuwa. Bai samu zinarin ba, kuma da aka gwada gashin da ake jinginawa gareshi a shekarun 1970 an samu zaiba mai yawa a ciki, wasu na danganta ta da rashin lafiyar da ta taɓa mashi tunani a 1693.

Mu Katsinawa bai kamata wanga abu ya zame mana baƙo ba. Kusan zamani ɗaya da Newton muna da namu, Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya tafi hajji, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara, wato adadin da baya rabuwa biyu daidai, irin wanda ko ta ina ka tara lambobin jimla ɗaya zasu baka, ya kuma yi rubutu kan taurari da asirai, ya rasu a Alƙahira 1741. Yau masana tarihin lissafi na ambatonshi. Malami ɗaya ya haɗa hisabi da falaki da ilimin addini da abubuwan da malaman yanzu da yawa zasu ce a bari, haka ilimi yake a wancan ƙarnin ko a Cambridge ko a gindin hasumiyar Gobarau. Ka karanta su don sanin tarihi, ba don ka je ka kwaikwayi abinda addininka ya hana ba, balle ka kunna wuta ka dafa zaiba a ɗaki, tururinta guba ne.

In malami ne kai kuma zaka kai maganar aji, kada ka ci lokacin darasin dokokin motsi da ita, jarrabawa bata tambayarta. Ka bari sai ƙarshen zango ko ranar kulob, ka raba yara gida uku, wasu su karanto ɗan babin 1713, wasu su yi lissafin 2060 a allo, wasu su gina hatimi mai gida tara da lambobi 1 zuwa 9 har kowane layi ya bada 15, kowane rukuni ya faɗi daga wace takarda ya samo abinda ya faɗa. In akwai yara kirista a ajin ka sanar dasu tun farko cewa tarihin ra'ayin mutum ɗaya za'a karanta, ba muƙabala akazo ba, kuma ka hana kowa yi wa wani dariya. A majalisa ko guruf kuma, wanda ya turo hoton ka roƙe shi cikin girmamawa, malam ko yaya don Allah wace takarda ce, in ya rasa sai kai ka tura mashi shafin Newton Project ɗin da sunan takardar.